Wane jeri za a gaskata idan ana auna binciken jami'o'i a fannin kasuwanci da gudanarwa?

Assalamu alaikum, Malam. Tambayarka ta iso gare ni, ga kuma yadda na fahimce ta. Ka ce kai ƙaramin malami ne a sashen nazarin harkokin kasuwanci a nan Sakkwato, kana shirin neman gurbin digiri na uku, shi ya sa ka shiga intanet ka duba jerin jami'o'in da aka ce bincikensu ya fi tasiri a fannin kasuwanci da gudanarwa. Sai ka tarar da jeri huɗu ko biyar waɗanda bakinsu bai zo ɗaya ba, domin jami'ar da wannan ya sa a sahun gaba, wancan ya tura ta can baya. Ka kuma nemi sunayen jami'o'inmu na wannan yanki ba ka gani ba, har zuciyarka ta fara raya maka cewa rubuce-rubucen da malamanka suka yi shekaru suna yi wahalar banza ce. Kana son ka san wane jeri za ka gaskata, da kuma abin da rashin sunanmu yake nufi.

Abin da ya sa jerin suka saɓa wa juna bai wuce abin da kowane mai awo a Tsohuwar Kasuwa ya sani ba: kafin a yi gardama a kan yawan hatsi, sai an fara daidaitawa a kan mudun da za a yi awon da shi. Kowane ɗaya daga cikin masu jera jami'o'in nan da nasa mudun, kuma mafi yawansu idan suka ce tasiri, ba suna nufin amfanin da ɗan kasuwa ko ma'aikaci ko gwamnati suka samu daga binciken ba. Abin da suke nufi shi ne ambato, wato sau nawa wasu masu bincike suka kafa hujja da maƙalarka a cikin nasu maƙalun. Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu, domin a zaurukan karatu ma akan san nauyin malami daga yadda malamai 'yan'uwansa ke jingina magana gare shi. Bambancin shi ne, a can akan san wanda ya yi ambaton da dalilin da ya sa ya yi, a nan kuwa kwamfuta ce ke ƙirgawa, kuma a wurinta wanda ya ambace ka don ya yaba da wanda ya ambace ka don ya nuna kuskurenka duk lamba ɗaya ce.

Ƙirgar ba a ko'ina ake yin ta ba, a cikin wasu rumbunan bayanai ne. Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ne ya fara tsara kundin ambato na kimiyya a 1964, wanda daga baya ya zama Web of Science da ke hannun kamfanin Clarivate a yau. A 2004 kamfanin Elsevier ya fito da nasa mai suna Scopus. Kusan duk manyan jerin da ka gani daga ɗayan waɗannan biyu suke ɗibar alƙalumansu. Kowane rumbu yana da mujallun da ya zaɓa ya shigar, kuma mafi rinjayensu na Turanci ne da ake bugawa a Amurka da Turai. Maƙalar da ta fito a mujallar da ba ta cikin rumbun, komai kyanta, ba za a ƙirga ta ba, haka nan ambaton da aka yi maka a cikin irin wannan mujalla ba zai shiga lissafi ba. Google Scholar ya fi su faɗi, domin yana tattaro kundayen digiri da rahotanni da mujallun cikin gida, amma yana haɗawa da tarkace mai yawa, shi ya sa manyan masu jerin ba sa dogara da shi.

Ko a cikin rumbu ɗaya ma, yadda aka yi lissafin yana sauya sakamako. Idan jimlar ambato aka ɗauka, babbar jami'a mai malamai ɗari uku za ta danne ƙarama mai malamai talatin ko da na ƙaramar sun fi ƙwarewa. Idan kuma aka raba ambaton da yawan maƙalu, wata matsalar ta daban ce ke fitowa, kuma ina son ka lura da ita sosai domin ita ce ta fi ruɗar mutane. A ƙaddara wani sashe ya buga maƙalu 40, ɗaya daga ciki an ambace ta sau 600, sauran 39 kuwa kowace sau 3 kacal. Jimlar ta zama 717, idan aka raba da 40 sai a ce kowace maƙala ta wannan sashe tana samun ambato kusan 18, alhali babu wata maƙala a sashen da take kusa da wannan adadi: ɗaya ta yi masa fintinkau, sauran duka suna can ƙasa. Haka ambato yake a kowane fanni, 'yan ƙalilan ne ke kwashe mafi yawa. A fanninmu abin ya fi tsanani, domin maƙalar da ta bayyana wata dabarar lissafi ko ta samar da jerin tambayoyin auna wani hali takan samu dubban ambato daga ɗaliban da suka ari dabarar kawai. Malami guda mai irin wannan maƙala yana iya ɗaga sashe baki ɗaya, kuma ranar da ya koma wata jami'a ko shekarun da ake ƙirgawa suka wuce maƙalar, sai ka ga sashen ya sulale ƙasa ba tare da komai ya sauya a ajujuwansa ba.

Ma'aunai biyu da za ka riƙa ji a bakin malamai su ne ma'aunin tasirin mujalla da ma'aunin h. Na farko na mujalla ne, ba na mutum ba: ana ɗaukar ambaton da maƙalun shekaru biyun baya suka samu a bana, a raba da yawan maƙalun. Shekaru biyu sun yi kaɗan ga fannin gudanarwa, inda maƙala kan daɗe a hannun masu tacewa kafin ta fito, sannan ta ƙara wasu shekaru kafin a fara jingina da ita. Na biyun wani masanin kimiyya mai suna Jorge Hirsch ne ya kawo shi a 2005. Idan aka ce ma'aunin h na malami 12 ne, ana nufin yana da maƙalu 12 waɗanda kowace an ambace ta aƙalla sau 12. Yana rage ruɗin maƙala guda mai farin jini, amma ba ya taɓa raguwa, don haka dattijon da ya daina bincike shekara goma zai ci gaba da zama a saman matashin da ke kan ganiyarsa. Masu hankali a harkar sun ƙara wani gyara, inda ake gwada maƙala da takwarorinta na fanni ɗaya da shekara ɗaya, a ɗauki 1.0 a matsayin matsakaicin duniya. Jerin da cibiyar nazarin kimiyya ta Jami'ar Leiden a ƙasar Holan ke fitarwa ya fi kowa tsantseni a wannan ɓangare, domin yana duba kason maƙalun jami'a da suka shiga cikin kashi 10 cikin ɗari mafi samun ambato a fanninsu, kuma ba ya haɗa ma'aunai ya fitar da maki guda. Sai dai bai ware kasuwanci shi kaɗai ba, ya cusa shi cikin babban rukunin kimiyyar zamantakewa, don haka amfaninsa gare ka taƙaitacce ne.

Fanninmu yana da wata al'ada da ta bambanta shi da sauran, wato jerin zaɓaɓɓun mujallu. Makarantar gudanarwa ta Jami'ar Texas da ke Dallas tana fitar da jerin makarantun kasuwanci ɗari bisa mujallu 24 kacal, irin su Academy of Management Journal da Journal of Finance da Management Science da The Accounting Review. Ba ta ƙirga ambato ko kaɗan. Tana ƙirga maƙalun da malaman kowace makaranta suka buga a waɗannan mujallu ne, tana raba makin maƙala tsakanin marubutanta. Makarantar Wharton ta Jami'ar Pennsylvania ta daɗe tana kan gaba a wannan jeri, kuma makarantun Amurka ne suka cika shi. Jaridar Financial Times ita ma tana da nata jerin mujallu, wanda ta faɗaɗa zuwa 50 a 2016, amma a jerin da take yi na digirin MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, bincike kashi 10 cikin ɗari kawai yake ci, albashin da ɗalibai ke samu bayan kammalawa ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Wanda ke neman digiri na uku ya ɗauki jerin MBA ya zaɓi makaranta da shi, ya yi awon gero da ma'aunin atamfa. A Birtaniya ƙungiyar makarantun kasuwanci tana ba mujallu daraja daga 1 zuwa 4, da wata 4 mai tauraro a can ƙoli, a Ostireliya kuma majalisar shugabannin makarantun kasuwanci tana amfani da A mai tauraro da A da B da C. Da waɗannan ake ɗaukar malamai aiki da yi masu ƙarin girma a ƙasashe da yawa, don haka ya kamata ka san su ko da ba ka yarda da duk hukuncinsu ba.

Sauran sanannun jerin ba zan daɗe a kansu ba. Na Shanghai ya fara a 2003, kuma yana da reshe na fannoni inda ya ware gudanarwa da harkokin kasuwanci da kuɗi, yana dogara da Web of Science. QS da Times Higher Education suna dogara da Scopus, kuma dukkansu suna haɗawa da ƙuri'ar jin ra'ayin malamai. A jerin QS na kasuwanci da gudanarwa fiye da rabin makin daga ra'ayin malamai da masu ɗaukar ma'aikata yake zuwa, wato suna da shahara ake aunawa, kuma suna yakan daɗe bayan aikin da ya jawo shi ya yi sanyi. Shi kuwa Webometrics na ƙasar Sifen, wanda jaridunmu ke yawan ɗauka su ce jami'a kaza ce ta ɗaya a Najeriya, babban ɓangarensa yana auna bayyanar shafin jami'a a intanet ne, kuma bai ce komai a kan sashen kasuwanci ba.

Saboda haka amsar tambayarka ta farko ita ce, babu jeri guda da za ka gaskata a kan komai. Idan kana son sanin inda ake buga bincike a mujallun da suka fi wuyar shiga, jerin Dallas zai gaya maka. Idan sunan da zai buɗe maka ƙofar aiki kake nema, QS ya fi kusa da wannan. Tazarar da ke tsakanin ta 60 da ta 90 kuwa kada ta ɗauke maka hankali, domin a tsakiyar jeri makin yakan yi kusa da juna ƙwarai, maƙala biyu ko uku suna iya sauya matsayi.

Yanzu ga maganar rashin sunanmu, wadda na ga ita ce ta fi damunka, ni ma kuma ta daɗe tana damuna. Wani ɓangare na dalilin ba laifin kowa ba ne. Times Higher Education ba ta shigar da jami'a babban jerinta sai ta buga maƙalu 1000 a cikin shekaru biyar a mujallun da ke Scopus. Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, da Jami'ar Jihar Sakkwato da ta biyo baya da nisa, suna gogayya ne da makarantun da suka yi ƙarni suna tara dukiya da ɗakunan karatu, inda malami ke koyar da aji ɗaya ko biyu a zango, yana da kuɗin tattara bayanai da na halartar taro. Malaminmu yana fama da ɗaruruwan takardun jarrabawa da rashin wuta, sannan kuɗin da wasu mujallun waje ke nema don su buɗe maƙala ga kowa yakan kai dala dubu biyu ko uku, abin da ya fi albashinsa na watanni. Mafi yawan abin da malamanmu suka rubuta yana cikin mujallun tsangaya da na ƙungiyoyin sana'a, wasu an sa su a African Journals Online, wasu kuwa suna jibge a kan kanta, babu rumbun da ya san da su. Akwai kuma wata asara ƙarama da ke ba ni takaici domin maganinta a hannunmu yake: sunan jami'armu kansa ana rubuta shi iri-iri a kan maƙalu, wannan ya rubuta Usmanu Danfodiyo, wancan Usman Dan Fodio, wani ya taƙaita da haruffa huɗu, kuma kowane saɓani yana iya sa kwamfuta ta kasa haɗa aikin wuri ɗaya.

Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba zan yi maka adalci ba idan na ɗora komai a kan masu awo. Tsarin ƙarin girma a jami'o'inmu ya daɗe yana ƙirga yawan maƙalu fiye da duba abin da ke cikinsu, kuma mutum yakan bi abin da ake saka masa a kai. Daga nan aka samu yayyanka bincike guda zuwa maƙalu huɗu, da jera sunayen abokai a kan aikin da ba su taɓa ba, da tururuwa zuwa mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga komai. Ni kaina a farkon aikina na taɓa aika maƙala ga wata mujalla mai suna mai ƙayatarwa, cikin kwana huɗu aka amsa mini cewa an karɓa ba tare da gyaran ko harafi ɗaya ba, tare da lambar asusun da zan tura kuɗi. Na janye ta, na aika wata mujallar inda masu tacewa biyu suka mayar mini da shafuka shida na suka, kuma daga waɗannan shafuka shida na koyi abin da ban koya a aji ba. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne irin binciken da ya yi mana yawa: a ɗauko tsarin da wani ya gina a kan ma'aikatan kamfanonin Amurka, a raba takardar tambayoyi ga mutum ɗari uku a cikin gari, a zuba a manhajar lissafi, a fito da sakamakon da kowa ya sani tun kafin a fara. Irin wannan aiki masanin waje ba zai ambace shi ba domin bai ƙara masa komai ba, ɗan kasuwar gida ma ba zai amfana da shi ba domin ba daga matsalarsa aka faro ba.

A nan ne nake son ka tsaya ka yi tunani, domin Sakkwato cike take da tambayoyin gudanarwa na gaske waɗanda ba a amsa ba. Dubi albasa. Manoman Goronyo da Wurno da Gada suna girbe ta a lokaci ɗaya, farashi ya faɗi, wanda ya adana ta a rumbun kara yana caca ne tsakanin tashin farashi da ruɓewa, dillali yana tsakiya, mai mota yana jiran lodi zuwa kudu ko ƙetaren iyaka. Wane ne ke ɗaukar asarar a wannan sarƙa, wane ne ke kwashe ribar, kuma wace irin yarjejeniya ce za ta sa manomi ya iya jira ba tare da bashi ya karya shi ba? Dubi kasuwar Illela da takwararta ta Birnin Ƙonni, inda ake ciniki da naira da sefa a kan amana, sau da yawa ba takarda ba sa hannu. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa farkon 2024, kuma duk da haka fatake sun nemi hanyoyin riƙe abokan cinikinsu da biyan basussukansu. Yadda amana ke tsayawa a matsayin kotu da banki a irin wannan yanayi tambaya ce da manyan masana gudanarwa na duniya ke muhawara a kanta, mu kuwa muna zaune a bakin amsar. Haka fatar jan akuyar Sakkwato, wadda ta yi suna a Turai tun zamanin ayari har ake kiran ta fatar Maroko saboda ta can take bi, amma har yau mafi yawan darajarta a wajen jihar ake ƙara ta. Ga adashin mata, ga yadda yaron shago ke zama da ubangidansa har a sallame shi da jari, ga yadda kasuwancin gida ke wargajewa ko ya ɗore bayan rabon gado, ga tafiyar da dukiyar zakka da waƙafi, ga halin da masu ƙananan sana'o'i suka shiga lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023. Idan wani malami ya yi shekara uku yana bin buhun albasa daga gona har kasuwar Legas, ya fito da tsarin da ƙungiyar manoma ta ɗauka ya rage mata asara, wannan tasiri ne na haƙiƙa, amma babu ɗaya daga cikin jerin da ka duba da zai ba shi maki ko ɗaya a kansa.

Su kansu masu wannan tsari sun ga giɓin. A 2012 wasu masana da editoci suka tsara sanarwar San Francisco wadda ta yi kira da a daina auna mutum da ma'aunin mujallar da ya buga a ciki, a 2015 kuma aka fitar da ƙa'idoji goma na Leiden a kan yadda ya dace a yi amfani da alƙaluma. Birtaniya, a tantancewar da take yi wa binciken jami'o'inta, ta ware kashi 20 cikin ɗari a 2014 ga amfanin da bincike ya yi a wajen jami'a, ta ɗaga shi zuwa 25 a 2021, kuma ana buƙatar sashe ya kawo labarin abin da ya sauya tare da shaida. Jami'ar Utrecht ta janye daga jerin Times Higher Education a 2023, ta Zurich ta bi sahu a 2024. Inda aka ɗora kuɗi da suna a kan lamba kuma, maguɗi yakan biyo baya: a 2021 wata kotu a Amurka ta samu tsohon shugaban makarantar kasuwanci ta Jami'ar Temple da laifin zamba saboda aika alƙaluman ƙarya ga masu jera makarantu.

Duk da haka ba na goyon bayan masu cewa tunda mudun na wasu ne, mu yi watsi da shi mu riƙa yabon junanmu a cikin gida. Wannan magana tana da daɗin ji, amma sau da yawa mafaka ce ga wanda ba ya son a tace aikinsa. Mujallar kirki tana tilasta maka ka fayyace tambayarka, ka kare yadda ka tattara bayanai, ka nuna abin da ka ƙara a kan na magabata, kuma wannan horo ne da binciken albasa da na Illela suke buƙata kamar kowane bincike. Ƙofar ma ba a rufe take ba. Ƙungiyar masana gudanarwa ta Afirka ta fara buga Africa Journal of Management a 2015 domin irin wannan aiki, kuma manyan mujallu suna karɓar bincike daga nahiyarmu idan marubucin ya nuna cewa abin da ya gani a nan yana gyara ko faɗaɗa fahimtar da ake da ita, bai tsaya ga cewa an gwada abu kaza a Najeriya ba. Makarantun kasuwanci na Afirka ta Kudu da Makarantar Kasuwanci ta Legas sun nuna cewa ana iya samun karɓuwa a waje daga wannan nahiya.

Game da zaɓin da ke gabanka, digiri na uku a hannun mutum ake yin sa, sunan jami'a rufi ne kawai. Jerin ya taimaka maka ka tace makarantu goma ko goma sha biyar, daga nan ka ajiye shi ka koma kan malamai. Ka buɗe shafin kowane malamin da kake tunanin zai duba aikinka a Scopus ko Google Scholar, ka duba abin da ya buga a shekaru biyar na baya-bayan nan, kada tsohon tarihi ya ruɗe ka. Ka duba darajar mujallun a jerin Birtaniya ko na Ostireliya, ka duba ko ambaton nasa daga mutane daban-daban yake zuwa ko kuwa shi da abokansa ne ke ambaton juna, ka duba ko yana buga maƙalu tare da ɗalibansa da kuma inda ɗaliban suke a yanzu. Malamin da ke fitar da maƙala arba'in a shekara abin tsoro ne, ba abin sha'awa ba, haka wanda ke riƙe da ɗalibai ashirin a lokaci guda. Sannan ka karanta maƙalunsa biyu ko uku daga farko har ƙarshe, domin a nan ne za ka gane ko mutum ne da zai saurari tambaya a kan kasuwar Kara ta nan Sakkwato ko kuwa zai tilasta maka ka bar ta ka ɗauki tasa. 'Yan'uwanmu da yawa sun yi karatu a Malesiya da Birtaniya da Afirka ta Kudu, wasu kuma a Zariya da Kano da nan gida, kuma a kowane rukuni na ga waɗanda suka dawo da ƙwarewa da waɗanda suka dawo da takarda kawai. Ka nemi biyu ko uku daga cikin waɗanda suka zauna a hannun malamin, ka tambaye su sau nawa yake ganinsu a wata da kuma tsawon lokacin da babi ke yi a teburinsa.

Kafin ka tafi ko'ina, ka yi rajistar lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike da ke haɗa duk rubuce-rubucensa wuri ɗaya, kyauta ce, ka tsayar da rubutun sunanka da na jami'arka iri ɗaya a kan duk abin da za ka buga. Ka ware Asabar huɗu ka zauna da dillalan albasa ko masu fata ko 'yan canji, ba da takardar tambayoyi ba, da littafin rubutu kawai, ka ji abin da ke hana su barci. Idan ka yi haka, ka rubuta shafi biyu a kan tambayar da ta fi tsaya maka a rai, ka haɗa da sunayen malamai uku da ka tace da maƙala ɗaya ta kowannensu, ka kawo mini mu duba tare. Allah ya yi jagora, ya sa albarka a karatun.